Kafin a hana majinyaci gero da wake

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon gaɓoɓi a Dutse ya san yadda dubiya take ƙarewa. Mai zuwa gaishe da mara lafiya ba ya tashi sai ya cire masa wani abu daga kwano. Gwaggo ta ce, "Sanyi ne, 'yar nan, ki bar nono da kankana." Maƙwabciya ta ce wake ne ke kumbura ƙafa. Kawu ya ce tsami ba ya shiri da ƙashi, a daina kunun tsamiya. Kafin wata ya zagayo, matar da yatsunta ke sandarewa da asuba har ta kasa ɗaura ɗankwali ta koma shayi da burodi safe da dare, ga magani mai ƙarfi tana haɗiya. Yanzu kuma an samu ƙarin mai ba da shawara, wato waya. Ƙaninta ɗan jami'a zai turo mata bidiyon wata baturiya mai cewa hatsi da wake da tumatir su ne tushen cutar, a bar su a warke.

Ni dai a ganina yawancin wannan hani cutarwa ce, ko da da kyakkyawar niyya aka yi shi. Abin da manomin Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu yake nomawa ya yi kusa ƙwarai da abin da bincike ya nuna hanji yana so. Sai dai abincin nan mataimaki ne ga maganin asibiti, ba magajinsa ba, kuma akwai 'yan wurare da hanin yake da hujja. Rarrabe waɗannan abubuwa uku shi ne aikin da ke gaban majinyaci da danginsa.

Cututtukan da nake magana a kansu su ne waɗanda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita, kamar mai gadin da ya daina gane masu gida, ya shiga kai musu saran da ya tanadar wa ɓarawo. Idan ta faɗa wa gaɓoɓi, shi ne amosanin da likitoci ke kira rumatoyid. Idan ta taɓa fata da jini da ƙoda, ana iya samun lufus, wadda tara cikin goma na masu ita mata ne, akasari a shekarun haihuwa. Ciwon sukarin da ke kama yara, wanda ba ya tafiya sai da allurar insulin, yana cikinsu. Haka wasu cututtukan tayirod a maƙogwaro, da farin tabon da ke yaɗuwa a fata, da siliyak. Cutar Crohn da gyambon babban hanji su ma 'yan dangin ne. Sun haura iri 80. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2023, bisa bayanan mutum miliyan 22 a Birtaniya, ya gano cewa 19 daga cikin cututtukan nan sun shafi kusan mutum ɗaya cikin goma: kashi 13 cikin ɗari na mata, kashi 7 na maza. An daɗe ana ɗaukarsu ciwon Turawa, har sai da likitoci irin su Farfesa Olufemi Adelowo a Legas suka riƙa wallafa bayanan 'yan Nijeriya masu lufus da rumatoyid. A wajenmu kafin a kai ga sunan cutar, an sha maganin sanyi, an sha na shawara, an yi zargin jifa ko sammu. Ƙwararrun likitocin fannin kuwa 'yan ƙalilan ne, galibinsu a manyan asibitocin koyarwa, shi ya sa mutumin Dutse kan samu kansa a motar Kano.

To me ya haɗa gaɓoɓi da hanji? Jikin baligi yana ɗauke da ƙwayoyin bakteriya kimanin tiriliyan 38, bisa ƙiyasin da aka yi a 2016, kuma mafi yawansu a babban hanji suke. A bangon hanjin nan ne kaso mai yawa na ƙwayoyin garkuwar jiki ke zaune. Abincin bakteriyar shi ne faiba, wato ɓangaren hatsi da wake da ganye da cikinmu ba ya iya narkarwa. Idan ya isa gare su sai su sarrafa shi, su fitar da sinadarai irin su butiret, wanda ke ciyar da bangon hanji ya yi ƙwari. Gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye a 2013 sun nuna cewa sinadaran nan suna ƙara yawan ƙwayoyin da ke tsawatar wa garkuwa idan ta wuce gona da iri. Idan faiba ta yi ƙaranci, wasu bakteriyar sai su koma cin majinar da ke lulluɓe da bangon hanji.

Hujja mafi kusa da mu daga maƙwabta ta fito. A 2010 masu bincike daga Italiya suka kwatanta kashin yara 14 na ƙauyen Boulpon a Burkina Faso da na yara 15 na birnin Fulorans. Abincin yaran ƙauyen gero ne da dawa da wake da ganye, abin da duk ɗan Jigawa zai gane in an ajiye masa. An tarar hanjinsu ya fi yawan ire-iren bakteriya, ya kuma fi yawan sinadaran nan masu amfani. A 2015 Farfesa Stephen O'Keefe ya sa baƙaƙen fatar Amurka 20 da mutanen karkarar Afirka ta Kudu 20 suka yi musayar abinci na mako biyu. Waɗanda suka koma abincin karkara butiret ya ƙaru a hanjinsu, alamun kumburi suka ragu. Ɗaya ɓangaren kuwa aka ga akasin haka. A 2025 aka buga makamancin wannan daga yankin Kilimanjaro na Tanzaniya, da maza 77: mako biyu a kan abincin Turawa ya ɗaga alamun kumburi a jini, komawa abincin gargajiya ya sauke su. A Jami'ar Stanford kuma, a 2021, an raba mutum 36 gida biyu na mako 10. Waɗanda aka ƙara wa abinci mai tsami irin su yogot ire-iren bakteriyarsu suka ƙaru, sinadaran kumburi 19 suka ragu a jininsu.

Yanzu a leƙa madafin gidajenmu. Miyar kuka da kuɓewa da karkashi, kwaɗon zogale da rama da tafasa, faten wake, dambu, kunun gyaɗa, fura da kindirmo. Ga goruba da magarya da kanya da ɗinya da aya, ga dabinon da Dutse ta yi suna da shi har hukumar NIFOR ta kafa reshen binciken dabino a garin. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023 ta ce baligi ya samu aƙalla giram 25 na faiba a rana, da giram 400 na ganye da 'ya'yan itace. Kofi guda na dafaffen wake yana da kimanin giram 11. Ke nan mai cin wake da rana, tuwon dawa da miyar kuka da dare, bai yi nisa da ma'aunin ba, kuma duk a kasuwar Shuwarin zai haɗa kayansa.

Inda muke asara shi ne wajen gyara. A yayyafa wa gero ruwa, a zuba a turmi, a surfa har fatar ta saɓule, a bakace, a wanke, a kwashe dusa a kai wa akuya. Injin surfe na yanzu ya fi taɓarya iya kankarewa, sai hatsi ya fito fari tas, uwargida ta yi murna, alhali rabon bakteriyar hanji ya tafi garke. Haka ƙosai da alala: sai an cire wa wake riga kafin a markaɗa. Ba cewa nake a daina surfe ba. Amma ana iya sassauta shi, ko a ware wani kaso da ba a surfa ba a haɗa wajen niƙa, a kuma riƙa dafa wake da rigarsa. Wanda wake ke kumbura wa ciki ya jiƙa shi ya kwana, ya zubar da ruwan, ya dafa shi ya yi luguf, ya fara da kaɗan. Hanji yana sabawa cikin 'yan makonni.

Asara ta biyu ta zo da zaman birni. Tun da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991, Dutse ta cika da ma'aikata da ɗalibai, kuma mai sammakon ofis ba ya jiran a dama koko. Teburin mai shayi ya karɓe karin safe, taliyar leda ta karɓe na dare, lemon kwalba ya zauna inda kunu yake, dunƙulen ɗanɗano ya ture daddawa. Farar fulawa da farar shinkafa da sukari suna cika ciki, amma kusan babu abin da suke isarwa babban hanji. Abin takaici, irin wannan abincin ne ake barin majinyaci da shi bayan an gama yi masa hani, wai shi ne mara nauyi.

Sai kuma jerin hanin da ke yawo a waya. Mafi shahara shi ne tsarin da ake kira AIP, wanda ya fito daga Amurka. Ya hana duk wani hatsi, da wake, da madara, da ƙwai, da gyaɗa, da riɗi, da tumatir, da tattasai, da attarugu. A karanta wannan jeri a gaban matar da mijinta ke ɗaukar ƙaramin albashi a sakatariya, a tambaye ta me ya rage a tukunya. Abin da tsarin ya yarda da shi, nama da kifi da ganye da rogo da dankali, ba kowane gida ke iya ajiye shi sau uku a rana ba. Hujjarsa kuma ba ta taka kara ta karya ba. Gwajin da aka fi ambato, na 2017 a Kalifoniya, mutum 15 ne kacal masu ciwon hanji, babu rukunin da aka kwatanta su da shi, kuma suna shan magungunansu a lokacin. Ƙungiyar likitocin amosanin gaɓoɓi ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2022 kan rumatoyid, tsarin abinci ɗaya kawai ta goyi baya, shi ma da sharaɗi: irin na mutanen gaɓar Bahar Rum, wato hatsi da dusarsa, wake, ganye, 'ya'yan itace, kifi, man zaitun, da rage jan nama da sukari. Ba ta goyi bayan sauran tsare-tsaren ba, ba ta kuma goyi bayan ƙwayoyin ƙarin sinadarai ba. Abin da ta fi ƙarfafawa shi ne motsa jiki. Idan aka sa kifin Haɗeja, da riɗin da muke lodawa ƙasashen waje, da man gyaɗa a gurbin man zaitun mai tsada, za a ga tsarin da likitocin suka zaɓa ya fi kama da kwanon kakanninmu fiye da wanda ake tallatawa a bidiyo.

Hani yana da farashi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Lufus da rumatoyid su ma suna rage jini, suna zaftare tsoka. Magungunan sitiroyid da ake ba masu cututtukan nan suna raunana ƙashi. Matar da ke cikin wannan hali aka hana ta wake da ƙwai da nono, an cire mata abin gina jiki da abin ƙarfafa ƙashi a lokacin da ta fi bukatarsu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kada kuma murna ta kwashe mu. Gwaje-gwajen Burkina Faso da Tanzaniya da Stanford a kan masu lafiya aka yi su, kuma abin da aka auna alamu ne a jini da kashi, ba warkewa ba. Lamarin bakteriyar ma ba a miƙe yake ba: dangin Prevotella da suka yi yawa a hanjin yaran Boulpon, wani jinsinsu ne masu bincike a New York suka tarar da yawa a 2013 a hanjin waɗanda rumatoyid ya fara kamawa. Gwajin da aka yi a Suwidin a 2003 da abincin Bahar Rum ya rage ciwo da kumburi cikin wata uku, amma majinyatan ba su ajiye maganinsu ba. Babu wani abinci da aka tabbatar yana warkar da lufus ko rumatoyid ko ciwon sukarin yara. Wannan magana tana bukatar nanatawa yanzu, domin tun bayan cire tallafin mai a 2023 da faɗuwar naira, kuɗin magani da na mota zuwa asibiti sun yi tashin gwauron zabo, kuma duk wanda ya zo da albishir ɗin cewa garin zogale ko man habbatus sauda zai wadatar zai samu masu sauraro. Rumatoyid yana cin gaɓa tun a shekarun farko, kuma yatsan da ya karkace ba ya miƙewa. Lufus tana lalata ƙoda shiru, sai gwajin fitsari ke tona ta. Mai shan sitiroyid irin su firedinisolon na tsawon lokaci idan ya yanke shi rana ɗaya, yana iya faɗuwa rai a hannun Allah. Yaron da aka ɗauke wa insulin kuwa kwanaki kaɗan ne tsakaninsa da suma.

A ina hani yake da gaskiya? Na farko, siliyak. Mai ita dole ya bar alkama da sha'ir har abada, domin sinadarin gulutin da ke cikinsu yana sa garkuwa ta kankare bangon ƙaramin hanji. Burodi, taliya, gurasa, fanke, alkaki, funkaso, har ɗanwaken da aka haɗa da fulawa, duk sun fita. Gero da dawa da masara da shinkafa da wake kuwa babu gulutin a cikinsu. Cutar tana shafar kusan mutum ɗaya cikin ɗari a duniya, kuma ba ta Turawa ce kaɗai ba: a 1999 an same ta a kashi 5.6 cikin ɗari na yaran al'ummar Sahrawi ta arewacin Afirka da aka gwada. Amma a yi gwaji kafin a bar alkama, don barinta yana ɓoye cutar a gwajin. Wanda ba shi da ita ba shi da dalilin gudun alkamar da ake nomawa a fadamar Haɗeja. Na biyu, mai Crohn ko gyambon babban hanji idan ciwon ya motsa, ana zawo da jini, yakan bukaci abinci mai laushi mara dusa har ya lafa, sannan ya dawo a hankali. Na uku, mai ciwon tayirod: bincike a yammacin Sudan ya danganta dogaro da gero kaɗai da maƙoƙo inda aidin ya yi ƙaranci, saboda haka ya riƙa sauyawa da dawa da masara, ya yi amfani da gishiri mai aidin, ya sha maganinsa kafin karin safe. Na huɗu, wadda lufus ta taɓa wa ƙoda: gishiri da kanwa da dunƙulen ɗanɗano sai da awo, sauran kuma sai abin da gwajin jini ya nuna. Mai ciwon sukari ko mai shan sitiroyid shi ma ya san fura mai sukari da dabino da zoɓo mai zaƙi suna ɗaga sukari, komai asalinsu na gida.

Akwai kuma haɗarin da masu yabon abincin gargajiya ba su cika faɗa ba. Da yawa daga magungunan cututtukan nan suna aiki ne ta hanyar kwantar da garkuwa, don haka ƙwayar cutar da mai lafiya zai shanye ba tare da ya sani ba tana iya kwantar da majinyaci. A tsaya a kalli ƙwaryar nono a tasha da azahar: faifai a buɗe, ludayi ɗaya yana zagaya bakuna, an tsinka da ruwan jarka, an jefa ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba. Madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauke da cutar burusela da tarin fukan shanu. Mafita ba barin nono ba ce. A sayi madara, a tafasa ta, a bar ta ta huce har yatsa ya iya jurewa, a zuba cokali biyu na kindirmo mai kyau, a rufe a kwano mai tsabta ya kwana. Da safe an samu kindirmo mai rayayyun bakteriya masu amfani. Koko da daddawa suna da nasu alherin, tsimawa tana sauƙaƙa narkewa da shigar sinadarin ƙarfe jiki, amma wuta ta riga ta kashe bakteriyarsu. Gyaɗa da ƙuliƙuli da masarar da suka yi funfuna a zubar, domin gubar afalatoksin tana cin hanta, kuma mai shan maganin rumatoyid na metotireksat hantarsa tana da aiki isasshe.

Babban mai ɓarna ga hanji ma sau da yawa ba a kwano yake ba, a kemis yake. Ciki ya ɗan murɗa, a sayi Flagyl. Zazzaɓi ya zo, a haɗa da kafso. Kowane zagaye na maganin kashe ƙwayoyin cuta yana share masu amfani tare da masu cutarwa, kuma wasu sukan ɗauki watanni kafin su dawo. Magungunan kashe ciwo irin su daikulofenak da ibufurofen, waɗanda mai ciwon gaɓoɓi ke sha kamar gyaɗa, suna haddasa gyambon ciki, suna taɓa ƙoda, suna kuma iya tayar da ciwon hanji. Wanda yake son gyara hanjinsa ya fara da daina shan waɗannan ba da izinin likita ba, kafin ya kashe kuɗi a kan kwalbar bakteriyar da aka shigo da ita daga waje.

Idan majinyaci yana zargin wani abinci yana tayar masa da ciwo, akwai hanya mai hankali. Ya samu ɗan littafi, ya riƙa rubuta abin da ya ci da yadda ya kwana. Ya bar abu ɗaya tak na mako biyu ko uku, sannan ya dawo da shi ya gani. Cututtukan nan suna tashi suna lafawa da kansu, shi ya sa duk abin da aka bari ranar da ciwo ya fara sauka yakan sha zargin da ba nasa ba. Littafin ya tafi da shi asibiti. Haka batun azumi: a tattauna lokutan magani da likita tun Sha'aban.

Sauran aikin na hukumomi ne. Tambayar farko da majinyaci ke yi bayan an faɗa masa sunan cutarsa ita ce, "Likita, me zan ci, me zan bari?" Ya kamata amsar ta kasance a rubuce. Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu suna iya haɗa likitoci da masana abinci su fitar da takarda guda, da boko da ajami, mai magana da sunan tuwo da miya da kunu, da ma'aunin ludayi da gwangwani maimakon giram, a karanta ta a Rediyon Jigawa, a raba wa masu kemis da malaman Islamiyya. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, tana da ɗaliban kimiyyar ƙananan halittu da na likitanci da ke neman abin bincike kowace shekara, ga kindirmo da daddawa da gero a bakin ƙofarta, ga majinyatan da za a iya bibiya. Abin da aka yi da yara 14 a wani ƙauyen Burkina Faso bai fi ƙarfinmu ba. Takardar nan da minti biyar na bayani a ɗakin likita kuwa, kuɗinsu bai kai na wankin ƙoda sau ɗaya ba.